Hannun da Ke Kafaɗarsa Ba Nawa Ba Ne

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara baki ɗaya. Yaya jikin nasa, da ciwon bayan da kika ce yana hana shi doguwar tafiya a mota? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Mu nan lafiya lau muke, sai godiya. Antinki ta tashi daga murar da ta kwantar da ita, har ta koma yi mini faɗa a kan yawan sukari a shayi, wanda a wurina shi ne shaidar ta warke sarai. Goggo tana nan da ƙarfinta, kunnen ne dai ya ƙara nauyi, sai ka yi mata magana sau uku ta amsa maka wadda ba ka yi ba. Aiki a shago kuma alhamdulillahi, mun samu kwangilar ƙofofi da tagogin wata makaranta, tun safe har yamma injin walda ba ya hutawa.

Na san za ki yi mamakin ganin rubutuna a zamanin waya. Dalili shi ne, idan muka yi magana a waya ke kuka kike yi, ni kuma murya nake ɗagawa, mu rabu ba wanda ya ji wani. Don haka na zauna na rubuta, in na gama 'yata za ta ɗauki hoton takardar ta tura miki yau ɗin nan, saboda maganar ba ta jiran mota. Ranar da kika kira ni kin ce hankalinki ya kwanta tunda kika ga bidiyon ban haƙurin da ɗanki ya yi, musamman da kika ga hannuna a kafaɗarsa. Kika ce tunda Yaya ya dafa shi, magana ta ƙare. Ban gyara miki ba a lokacin don ban so in ƙara miki hawaye. To yau zan faɗa miki gaskiya: hannun nan ba nawa ba ne. Ki sake buɗe bidiyon ki duba da kyau. Ke kika ɗaure mini babban yatsa ranar da ƙarfe ya cire mini farce, kin san har yau bai fito daidai ba, kuma bayan hannuna duk tabon ƙuna ne kamar an yayyafa. Wancan hannun sumul yake, har da zoben azurfa. Hannun direban manajansa ne.

Bari in ɗauko miki daga farko, don ke a waya kika gani, ni kuwa ina cikin filin ƙwallon, a kujerar da nake sayen tikitinta da kaina, don ban taɓa yarda ɗanki ya zaunar da ni a ta alfarma ba. Koci ya cire shi ana cikin zagaye na biyu. Ya fito yana huci, ya tarar da gorar ruwa cike a bakin layi, ya sa ƙafar hagun nan da duniya ke yabo ya ɗirka mata. Gorar ta tashi ta sami wani dattijo a idon dama, mutumin da ke kula da ciyawar filin yana shafa fararen layukan nan, wanda kowa ke kira Mai Layi. Wannan tsautsayi ne, na yarda, bai auna shi ba. Abin da ba tsautsayi ba shi ne wanda ya biyo baya. Dattijon ya durƙusa ya riƙe fuska, jini yana bin yatsunsa. Ɗanmu ya waiga, ya kalle shi, ya ja tsaki, ya shige ciki. Auta, yaron da kika damƙa mini yana ƙarami bayan rasuwar mahaifinsa, wanda ya tashi a ɗakina yana cin abin da 'ya'yana ke ci, wanda ni na laƙaba masa Tartsatsi saboda ba ya iya tsayawa wuri ɗaya, sunan da yau dubban mutane ke rerawa, shi na ga ya yi wannan da idona.

Kafin in isa gida gari ya ɗauka. Mai askin da ke maƙwabtaka da shagona, wanda hoton yaron ya cika masa rabin bango, ya juya fuskar hoton ga bango. Masu babura suka kankare sunansa daga tankunansu. Wasu matasa suka ƙona rigarsa a bakin titi, ɗaya yana ƙonawa sauran suna ɗaukar hoto. A rediyo kuwa kowa ya zama alƙali. Wani ya kira ya ce girman kai ne, wani ya ce ƙwaya ce, wani da bai taɓa ganinsa ido da ido ba ya rantse tun yana yaro haka yake. Daga nan wani ya ce ba laifin yaron ba ne, laifin wanda ya rene shi ne. Na kashe rediyon, na kunna injin goge ƙarfe, na shiga gogar ƙofar da tun jiya an gama goge ta. Ni da na fara da injin aro a gindin bango, ko sakandare ban ƙarasa da daɗi ba, na kai shagona inda yake yau ba tare da wani ya ɗora ni ba, ban taɓa tsammanin zan ji kunyar fita sayen burodi ba. Amma na ji.

Ana cikin haka manajansa ya zo mini da wata mata, wadda aka ce aikinta shi ne gyara sunan manyan mutane idan ya ɓaci. Suka ce suna so yaron ya ba da haƙuri a gaban kyamara, kuma a shagona suke so a yi, domin jama'a su tuna daga inda ya fito. Na amince da sauri, har na ji daɗi, don a zatona yaron ne ya dawo hayyacinsa. Washegari suka iso da fitilu da wayoyi. Abu na farko da suka yi shi ne suka ce a fitar da sabon injina waje, wai ya sa wurin ya yi kama da na masu hali. Suka kwaso tarkacen ƙarafa masu tsatsa daga bayan shago suka jera a gaba. Suka fito da sabuwar rigar aiki daga leda, suka shafa mata baƙin mai, suka sa masa. Alhali rigarsa ta gaskiya, wadda ya yi aiki da ita a hutun makaranta, mai hujojin wuta a ƙirji, tana nan rataye a ƙusarta ban taɓa saukewa ba. Na nuna musu ita, matar ta ce ai ta yi tsufa da yawa, ba za ta fito da kyau a hoto ba.

Sai aka ɗaga wata ƙatuwar takarda a gefen kyamara, an rubuta masa duk abin da zai faɗa, har da inda zai tsaya ya ja numfashi da inda zai sunkuyar da kai. Ni kuma aikina in tsaya a bayansa, da ya iso wurin da zai ce ya ba iyalinsa kunya, in ɗora hannu a kafaɗarsa. Na ce to, a karanta in ji. Ya ba kulob haƙuri. Ya ba kamfanonin da yake yi wa talla haƙuri. Ya ba magoya baya haƙuri, da yaran da ke koyi da shi, da duk wanda abin da ya faru ya sosa wa rai. Abin da ya faru, Auta, sai ka ce ruwan sama ne ya sauka. Na jira in ji dattijon, har takarda ta ƙare ban ji shi ba. Na tambaya ina mutumin da aka fasa wa ido. Matar ta yi mini murmushi ta ce lauyoyi sun hana a ambace shi, don ambatonsa amsa laifi ne, kuma yanzu jama'a ce ke fushi, ita ake buƙatar lallashi. Na juya ga yaron na tambaye shi ko ya je asibiti ya duba shi. Kafin ya amsa mini sai da ya kalli manajansa. Wannan kallon ya fi tsakin yi mini ciwo. Na gaya musu wuri na riga na ba su, kuma ni ba na janye magana, amma hannuna ban ba su ba. Na fita na zauna a kan sabon injina a rana har suka gama. Daga baya na ga yadda suka yi: suka tsayar da direba a bayansa, suka yanke hoton daga wuyan hannu.

Kuma abin ya yi musu aiki, ba zan ɓoye miki ba. Mai aski ya sake juyo da hoton. Waɗanda suka ƙona riga suka sayi sabuwa. Mata suna ta cewa wayyo maraya ne, a yafe masa. Wasu kuma suka ƙi, suka zauna a teburin mai shayi suna mayar da bidiyon baya, suna gardama ko hawayen na gaske ne ko wani abu aka shafa masa a ido. Mutane suka riƙa shigowa shago suna kama hannuna suna girgizawa, suna cewa wannan hannu mai albarka shi ya karya musu zuciya. Na gaji da cewa ba nawa ba ne, don in na faɗa dariya suke yi, su ce Oga akwai kawaici. Abin da na lura da shi shi ne, duk masu cewa sun yafe da masu cewa ba za su yafe ba, babu ko ɗaya da gora ta taɓa. Suna yafe abin da ba a yi musu ba, kamar mutum ya yi kyauta da akuyar maƙwabcinsa ya kuma jira a yi masa godiya. Ba a jima ba wani ɗan dambe ya yi nasa abin kunyar, duk suka kwashe suka koma kansa, shi ma an rubuta masa tasa takardar, kusan kalma ɗaya da ta ɗanmu.

Ni dai na nemi gidan Mai Layi na je. Ɗaki biyu ne a bayan filin wasan, tsaf da su, takalman aikinsa a jere a bakin ƙofa. In faɗi gaskiya, kulob ya ɗauki nauyin asibiti, kuma likita ya ce watakila ganin ya dawo kaɗan. Matarsa ta kawo mana shayi, ya miƙa hannu zai ɗauki kofi, hannun ya sauka a gefe. Ya sake miƙawa a hankali yana lalube, yana murmushin kunya. Ni na san wannan. Kin tuna shekarar da ɓarɓashin ƙarfe ya shiga idona na hagu ina koyon aiki, yadda nake zuba ruwa a ƙasa ina zaton a kofi nake zubawa, kina dariya Inna tana make ki. Mai ido biyu bai san ido ɗaya ba ya gane nisa ba sai ranar da ya rasa ɗayan.

Ban ji ya zagi yaron ko sau ɗaya ba. Ya ce ya san shi tun yana ƙaramin kulob, shi yake buɗe masa ƙofa da sassafe ya shiga ya yi atisaye kafin kowa. Ya ce har yau yakan ƙara wa gefen hagu ruwa, inda yaron ke gudu, don ƙasar ta yi masa laushi a gwiwa. Ya ce gora ba komai ba ce, ƙwallo ta sha bugunsa a filin nan, amma tsakin ne yake ji duk sa'ad da ya kwanta. Da 'yarsa ta nuna masa bidiyon, ya saurara har ƙarshe, ya tambaye ta ko akwai wani ɓangare da ba ta kunna ba. Sannan ya faɗa mini abin da ke cin sa. Ya gwada shafa layi bayan ya fito daga asibiti, layin ya fito a karkace kamar sawun maciji, mai kula da su kuma ya ce in aka sake samun haka dole a hutar da shi. Kin san ma'anar a hutar da talaka.

A ranar na ɗauko 'yar keken da yake turawa yana shafa fentin, na kai ta shago, na sake mata ƙafa ɗaya da ta goge, na daidaita bakin. Ranar Alhamis, wadda ita ce ranar shafa layi kafin wasan ƙarshen mako, na bar wa babban ma'aikacina shago na tafi filin. Muka kafa turaku, muka ja igiya, shi yana tsaye a can ƙarshe yana duba da idonsa na hagu, ni ina turawa ina duba da nawa na dama. Ya ce mu biyu mun haɗa mutum ɗaya cikakke, muka yi dariya har ya riƙe bandejinsa. Layukan kuma sun fito a miƙe, duk wanda ya kalli wasan makon ya gani, ko da yake ba wanda ya san waye ya ja su. Ma'aikatan wurin suna ta leƙe, wai ga mai babban shagon walda yana tura keken fenti. Wani ya ɗaga waya zai ɗauka, na ce ya mayar da ita aljihu kafin in iso inda yake. Tun daga ranar duk Alhamis ina can, kuma zan ci gaba da zuwa.

Da labari ya kai wa yaron ya kira ni a fusace. Ya ce ina tona masa asiri, manaja ya ce in 'yan jarida suka gan ni maganar da aka binne za ta taso. Ya ce zai ɗauki wa dattijon mataimaki, zai aika masa da mota da duk abin da yake so. Na ce masa Mai Layi ba ya neman mataimaki, yana da ni, abin da ya rage masa kai ne. Na ce ya zo ranar Alhamis da safe, shi kaɗai, ba manaja, ba kyamara, ba takarda. Ya gaishe shi kamar yadda na koya masa gaida manya, ya faɗa da bakinsa abin da ya yi da ƙafa da abin da ya yi da baki, sannan ya karɓi keken daga hannuna ya tura. Ya ce Kawu ba ka gane ba, akwai kwantiragi a tsakani. Na ce ni da na rene shi ban sa hannu a kwantiragi da kowa ba. Ya kashe wayar. Ban kore shi daga gidana ba, kada wani ya gaya miki haka. Ɗakinsa yana nan, Antinki tana share shi, in ya zo zai ci abinci. Amma na daina zuwa kallon wasansa, kuma ba zan dafa shi ba sai ya yi wannan. Alhamis ɗin da ta wuce wata mota mai baƙin gilashi ta tsaya a bakin ƙofar filin, ta daɗe har muka gama rabin fili, sannan ta ja ta tafi. Na san motar. Ban ɗaga kai ba, na ci gaba da turawa.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Na ji matar nan ta nemi lambarki, tana so ke ma ki yi bidiyo, uwa tana hawaye tana cewa ta yafe wa ɗanta, duniya ma ta yafe masa. Za ta yi miki magana mai daɗi, don ta iya, har ta rubuto miki abin da za ki ce. Kada ki yi. Shi ma yaron zai kira ki, watakila yau, don ya san wurinki ne ƙasa ke da laushi. Zai ce Kawu ya matsa masa, ya riga ya ba da haƙuri duniya ta gani. Ki saurare shi, ki sa masa albarka yadda kika saba, amma kada ki ce masa shi ke nan ya wuce. Ki tambaye shi abu ɗaya kawai, ko ya je. Tun da kika ba ni shi ban taɓa neman komai a wurinki a kansa ba, ko sabulu, yau ne na farko. Ba don in ci nasara a kansa nake yi ba. Tsorona shi ne ya tashi da sanin cewa duk abin da ya fasa akwai wanda zai rubuta masa takarda ya karanta, a aro masa hannu a dafa shi. Ƙwallo za ta ƙare, masu rera sunansa za su sami wani, ya rage daga shi sai matarsa da 'ya'yansa da maƙwabta, kuma su ba sa karɓar irin wannan haƙurin.

Sai dai akwai abin da ya faru yau da safe. Na iso shago na tarar ƙusar nan ba komai a kanta. Babban ma'aikacina ya ce yaron ya zo kafin in fito, shi ya tuƙo kansa, ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ya sauke tsohuwar rigar aikinsa mai hujoji, ya naɗe ta ya tafi. Rigar ba za ta shige shi ba, Auta, kafaɗunsa sun yi biyun na da. Amma ya ɗauka. Gobe Alhamis. Na riga na haɗa fenti, na sayi sabuwar igiya, kuma ban gaya wa Mai Layi komai ba, don kada in sa masa rai. In bai zo ba, zan tura keken da kaina in koma wata Alhamis ɗin. In kuwa ya zo ya yi abin da na ce, hannun nan mai tabo, mai guntun farce, zai hau kafaɗarsa, kuma ba wanda zai gani sai Mai Layi, shi ma da ido ɗaya.

Ki gaida maigidanki da kyau, ki ce ina masa sannu da jiki. Ki gaida 'Yan Biyu, da Likita sarkin tambaya, ki ce masa kawunsa yana jiran sakamakon jarrabawa. Antinki tana gaishe ki, ta ce ki rage kuka kada hawan jini ya tashi. Goggo ma tana gaisuwa, ita har yanzu ba mu gaya mata komai ba. Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba Mai Layi lafiyar idonsa, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ki riƙe wayarki kusa da ke yau.

Ni ne yayanki,
Mai walda.